Tawadar Azurfa a Fostar Nev

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Tikitin taron masoya littattafan zane sun iso yau. Guda biyu, kamar kowace shekara, ɗaya da sunana, ɗaya da sunan yayana Nev. Shi ya saye su tun watan Yuli, ya kuma nace a aiko na takarda, don bai yarda da tikitin cikin waya ba. Na manna su a jikin firij, sai na ga ba zan iya shan shayi suna kallona ba, na jefa su cikin durowa.

Na je asibiti bayan na tashi daga kantin makaranta. Sun taje masa kai, sun tsaga gashin ta hagu. Nev tun yana ɗan firamare ta dama yake tsaga gashinsa. Na gyara da yatsuna. Idonsa a buɗe, yana kallon bango. Na ce, "Nev, tikiti sun zo. Ka tashi ka daina wannan lalaci, taro ya kusa." Bai ce komai ba.

Ba zan rubuta sunan da likita ya ba abin ba. Matarsa Janelle ta rubuta shi a waya ta tura wa kowa, har da danginmu na Toowoomba da ko katin Kirsimeti ba su taɓa aiko masa ba. Ni dai abin da na sani, hannun dama da ƙafar dama sun daina yi masa biyayya, bakin kuma ya rufe.

Talata, 4 ga Nuwamba, da sassafe

Na biya gidansa na ba kaji abinci, tunda Janelle a asibiti take wuni. Injin yankan ciyawa yana nan a tsakiyar fili inda ya tsaya ranar da Nev ya faɗi. Rabin filin a yanke, rabi ya fara tsawo. Na zagaya ta bayan tankin ruwa don kada in bi ta wurin. Jemagu sun cinye mangwaron saman bishiya sun watsar da ƙwallaye ko'ina. Da yana nan da ya zage su tas, su da iyayensu.

Maƙwabcinsu ya leƙo ta kan shinge ya ce zai ƙarasa yankan. Na ce ya bari. Ya ce, "Rae, macizai fa." Na ce ya bari.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma

Na sauko da fostar, babban hoton nan na 'yan Ayarin Kalisto, daga saman kabad ɗinsa. Tana cikin bututunta na kwali, wanda ya rubuta wa KADA A TAƁA, RAELENE, DA KE NAKE da jan alƙalami tun kafin in yi aure in fito.

Ayarin Kalisto. Da littafin zane ya fara, Nev na sayensa duk wata a shagon jarida na kusa da tasha, daga baya aka mayar da shi shirin talabijin na yammacin Lahadi. Mutum bakwai a jirgi, sun ɓace a sararin samaniya suna neman hanyar gida. Yanzu in ka kalla dariya za ka yi, don duk duniyar da suka sauka ramin fasa dutse ɗaya ne aka canja wa fitila. Amma a lokacin mu biyu muna kwance rub-da-ciki a kan kafet, Baba yana kicin da kwalabensa, Mama ta ƙara sautin talabijin. Wannan rabin awar ba mai taɓa mu.

Fuskoki bakwai a fostar, sa hannu shida. Shekara talatin muna bin mutanen nan daga taro zuwa taro, Sydney, Melbourne, har Perth da muka kwana a kujerun filin jirgi. Biyu daga cikinsu sun rasu. Saura Glenys Harcourt, wadda ta fito a likitar jirgin. Tun da shirin ya ƙare ta tattara ta koma Tasmania kiwon zuma, ba ta taɓa leƙa taro ko ɗaya ba. Nev ya bar mata gurbi a ƙasa ta hagu, ƙarƙashin takalminta, baƙin wuri kamar faɗin tafin hannu. Ranar da matuƙin jirgin ya so ya zarce da wutsiyar sunansa cikin gurbin, Nev ya sa hannu ya tare a gaban jama'a, kunnuwansa sun yi jajur kamar yadda suke yi in ransa ya ɓaci, ya ce, "Yi haƙuri, wurin likita ne."

Da aka sanar za ta zo Brisbane bana, ya kira ni ina tsakiyar raba wa yara abincin rana. Ya ce, "Guntuwa, zauna." Na ce ina aiki. Ya ce, "Zauna na ce. Likita za ta zo." Mutum mai shekara hamsin da takwas, makanikin manyan motoci, muryarsa na rawa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da yamma

Bai ce komai ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Janelle ta ja ni ɗakin shayi na masu dubiya. Za a yi zama kafin ƙarshen wata a yanke shawara: ko a kai shi sashen da ake koya wa mutane tafiya da magana, ko a nema masa gado a gidan kula da tsofaffi. Gadajen sashen kaɗan ne, sai wanda suka ga yana fahimtar abin da ake ce masa suke ba. Thuy, mai koyar da magana, tana zuwa kullum da katunanta masu hotuna. Nuna min kofi. Nuna min kare. Nev ko gezau.

Na ce, "Ba ya son kare. Kuma tun yaushe Nev ke yin abu don an ce ya yi?"

"Rae, don Allah."

"Yana ciki, Janelle. Ina ganinsa."

"Me kike gani? Ni nake wuni a gefensa. Ni nake goge masa baki. Ke ki zo ki cika masa kunne na awa ɗaya ki kama gabanki."

Sai ta rufe fuska da hannu ta ce ba haka take nufi ba. Haka take nufi, kuma gaskiyarta ce, shi ya sa abin ya yi min zafi.

Na san gidan da take magana a kai. Can muka kai Mama. Warin miyar kabewa, da talabijin a kunne ba mai kallo. Nev ne ya ce min a wurin ajiye motoci ranar, "Guntuwa, in ta kai ga haka, ki tura ni kogi kawai." Dariya muka yi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da rana

Na gwada wata dabara. Duk wanda ya san Nev ya san ba ya iya barin kuskure ya wuce ta gabansa. Na ja kujera na ce, "Ka tuna kashi na huɗu, da likita ta harbi kyaftin?" Ƙarya ce tsagwaronta. Injiniya ce ta harbe shi, kuma a kashi na tara. Da can kafin in rufe baki ya ɗauko littafin ya buɗe min shafin a hanci. Na ce a New Zealand aka ɗauki shirin. Na ce zanen sabon mai zanen ya fi na tsohon. Nas ɗin da ke canja masa ledar ruwa tana ta kallona kamar ni ya kamata a ba gado.

Bai ce komai ba. Idon ma bai juyo ba.

Na daɗe a mota ban tayar ba. Tsoro nake ji. Tsoro nake ji kada Janelle ta fi ni gaskiya.

Litinin, 10 ga Nuwamba, hutun rana

Na ba wani yaro madarar cakulan sau biyu, na hana wata yarinya tata. Shugabar kantin ta ce in tafi gida in huta. Na ce in je gida in yi me.

Talata, 11 ga Nuwamba, da yamma

Hadari da ƙanƙara. Na je na rufe injin ciyawa da leda, ban matsar da shi ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa wa Janelle a barandar asibiti. Na ce ranar Asabar zan je taron.

"Ke kaɗai?"

"Da wa zan je?"

"Yayanki na kwance, ke za ki sa kayan wasa ki shiga layi."

"In ban je ba matar nan ta koma wurin zumarta, ba mai sake ganinta. Ta haura tamanin. In ya tashi ya tambaye ni, in ce masa me?"

"Ya tashi," ta ce, a hankali, kamar tana ɗanɗana maganar. Na ɗauka faɗa za mu yi, har na shirya. Sai ta buɗe jakarta ta miƙo min alƙalami mai tawadar azurfa, sabo fil a ledarsa. A aljihun wandon da suka yanke masa a motar asibiti aka same shi. Ashe da safen ranar ya sayo.

"Ki girgiza kafin ki ba ta," ta ce. "Kullum sai ya faɗa."

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan cin abincin yamma

Na gwada kayan. Rigar ma'aikatan jirgi, ruwan toka mai wuya ruwan lemo. Mama ta ɗinka mana muna 'yan ashirin da wani abu, an sha ƙara mata faɗi tun daga lokacin. Nev matuƙi, ni injiniya. Maɓallin ciki ya ƙi shiga, na kama da fil.

Sai yau na lura aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe layi, ɗaya ya je bayan gida ko ya sayo ruwa. A gaban tebur ɗaya ya danne kusurwoyin fosta, ɗaya ya miƙa alƙalami ya nuna wuri. In an sa hannu Nev ke ɗaukar ta a shimfiɗe a kan hannuwansa biyu kamar faranti, ni ina gaba ina buɗe masa hanya da gwiwar hannu, har mu sami jikin bango. Tawadar azurfa ba ta shiga takarda mai sheƙi, a sama take zama, sai an ba ta lokaci. Ya tsaya yana kallon agogo, ni ina ƙorafin yunwa, yana cewa, "Bari ta bushe, Guntuwa. Bari ta bushe." Na ji maganar nan har ta gundure ni. A kan fentin ƙofa yake faɗinta, a kan wankin mota, har a kan ciwon gwiwar ɗana.

Na ce masa ɗazu gobe ne. Bai ce komai ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe, a jirgin ƙasa

Tikitinsa yana aljihuna, ban san dalili ba. Daga Ipswich zuwa nan taragon ya cika da 'yan taro. Ga wani mai shigar dodo ya naɗe fikafikansa yana cin gasasshen burodi, ga 'yan mata masu shuɗin gashi suna gyara wa juna kunnuwan roba. Kowa da nasa. Na ɗora bututun a kujerar gefena, wajen taga, inda yake zama.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya da rabi, a layi

Layin likita ya lanƙwasa ya sake lanƙwasawa har ya wuce rumfar masu sayar da takubban roba. Ashe ba mu kaɗai muke jiran ta ba. Yawanci masu furfura ne, kowa da bututunsa a hammata. Zafi, hayaniya, ƙanshin soyayyen dankali da gumin mutanen da suka rufe kansu cikin roba.

Kowa sai ya tambaye ni. Mai rumfar tsofaffin littattafai, wanda Nev ke ciniki da shi kamar za su daku, ya ɗago ya ce, "Injiniya, ina matuƙinki? Na ajiye masa wani abu." Na ce yana zuwa. Matar da ke duba tikiti a ƙofa, yana zuwa. Na faɗa har bakina ya saba.

A bayana akwai wani ƙaton mutum cikin sulken kwali da aka fesa wa fenti. Tavita, ɗan Samoa, direban bas daga Logan, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Ya ga ina ta canja ƙafa, ya ce, "'Yar'uwa, je ki kafin a yi ambaliya a nan. Ina riƙe miki wuri."

Na ce ba komai.

"Ba ki ga girmana ba? Wurin mutum uku nake riƙewa ko ban yi niyya ba."

Na tafi, amma da bututun a hannuna. Da na dawo ya ce, "Kin ɗauka zan gudu da shi? A cikin wannan kwalin? Ko zama ba na iyawa." Ya raba min burodinsa mai naman gwangwani. Ya tambaya ina mai ɗaya rigar, don kayan nan bibbiyu ake sa su. Na ce yana zuwa. Ya kalle ni, ya kalli tikitin da ya leƙo daga aljihuna, bai ƙara tambaya ba.

Asabar, ƙarfe uku, a bencin tasha

Bari in rubuta a jere.

Ƙaramar mace ce, ta tsufa sosai, farin gashi an yanke gajere, bayan hannuwanta duk tabon rana. Amma muryar ita ce. 'Yar sa-kai da ke gefenta ta tambaye ni sunan wa za a rubuta. Na ce ba suna, sa hannu kawai, a nan. Nev ba ya yarda a rubuta sunan kowa a fostar, ya ce ta ayari ce. Kusurwoyin suna ta naɗewa, Tavita ya miƙo hannuwa daga baya ya danne biyu. Na girgiza alƙalamin. Na tuna, Nev, na girgiza.

Ta daɗe tana kallon sauran shidan. Ta ɗora yatsa kusa da na kyaftin, wanda ya rasu, ta ce, "Wannan kullum sai ya cinye wuri." Sannan ta ga gurbin.

"Wa ya bar min wannan?"

"Yayana. Shekara talatin ke nan."

"Yana ina?"

Na buɗe baki in ce yana zuwa. Abin da ya fito shi ne, "Ba zai zo ba." Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko kaina, sai a gaban matar da ba ta san ni ba, ga layi a bayana.

Ba ta ce min sannu ba, kuma na ji daɗin hakan. Ta ce, "To bari in yi masa da kyau." Hannunta na rawa, sai ta danna alƙalamin sosai tana jan kowane harafi a hankali, tawada ta taru ta yi kauri tana ƙyalli. Sunan ya cika gurbin daidai.

Na ɗauki fostar a shimfiɗe a kan hannuwana. Tavita ya ce in jira a sa masa nasa ya buɗe min hanya, 'yan sa-kai suka ce ba a tsayawa a nan. Na kutsa cikin jama'a ina cewa a ba ni hanya, ba mai ji. Fiffiken wani ya shafi kunnena. Na kusa bango, ina ganinsa, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Ƙarar da na sa wa Janelle ce, ita kaɗai. Tun daga ranar nan, in ta kira sai gabana ya faɗi.

Ban yi tunani ba. Na naɗe fostar, na matse a hammata, na ɗauka.

Maganar zaman ce. An matso da shi zuwa Alhamis mai zuwa saboda likitansa zai yi tafiya. Shi ke nan. Ta kuma tambaya ko na san inda silifas ɗinsa suke.

Da na kashe wayar na ga babban yatsana na dama. Azurfa har gefen farce.

Tavita ya same ni a jikin bangon. Ya kalli yatsan, ya kalli naɗin, ya cire hularsa ta kwali. 'Yan wannan harka ba sai an yi musu bayani ba. Ya ce mu koma ko likitar za ta yarda ta sake sa hannu. Ta riga ta tashi, an ɗauke kujerarta, gobe kuma ba ta zuwa. Ko tana nan ma, ta sake a ina? Gurbi ɗaya ne. Ya raka ni har ƙofa yana ture mutane da kafaɗa, yanzu da ba amfani. Ya ce, "Ki kai masa a haka, 'yar'uwa. Tasa ce."

Na ce bai san yayana ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da rana

Na buɗe ta a kan teburin kicin. Rabin sunan farko yana nan. Sauran ya ja ya zama doguwar shafa har kan takalmin likita, da tambarin yatsana a tsakiya, kowane layi ya fito raɗau. Wani ɗigo ya manne a bayan takardar, da na warware ya ɗauke baƙin wurin ya bar fari. Ba ta goguwa. Duk abin da zai cire azurfar zai tafi da fentin.

Na wanke yatsan da sabulu, na wanke da ruwan goge jan farce. Yana nan a gefen farcen.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da yamma

Na je ba fosta. Na ce masa taro ya yi kyau, an cika, mai littattafai na gaishe shi. Na zauna a kan hannuna na dama don kada ya ga yatsan. Bai ce komai ba, kuma a karon farko na ji sauƙin hakan, sai na ji haushin kaina.

Janelle ta tare ni a ƙofa. "An samu?"

"An samu."

"To ina take?"

"Tana bushewa."

Ta kalle ni kallon da take yi wa Nev in ya ce kwalba ɗaya ya sha.

Talata, 18 ga Nuwamba, da sassafe

Maƙwabci ya yanke ciyawar. Janelle ce ta ce ya yi. Injin ya koma gareji, filin ya zama bai ɗaya, ba a gane inda aka tsaya. Na ajiye abincin kaji na yi ta zagaye ina neman wurin. Ni na sami Nev a kwance a wurin, ya kamata in gane. Ban gane ba. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar.

A kan teburin kicin ɗinsu akwai takardar tallan gidan tsofaffin, da hoton wata mata tana murmushi da kofi. Janelle ta je ta ga ɗaki.

In ba ya ciki, ba zai san na ɓata ta ba. In yana ciki, zai sani. Na ce wa kaina ban san wanne nake roƙo ba. Ƙarya nake, na sani.

Laraba, 19 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na kai masa.

Janelle ta je gida wanka, mu biyu ne a ɗakin. Na jawo teburin cin abincinsa kan gadon, na shimfiɗa fostar, na danne kusurwoyi da kofi da kwalin tishu da wayata. Na ce, "Nev, ga likita." Muryata ko ni ban gane ta ba.

Na ɗauka bango zai ci gaba da kallo. Sai idon ya sauko. Ya fara daga sama ta dama, kyaftin, matuƙi, injiniya, yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake yi duk lokacin da aka buɗe ta, yana duba ko wani abu ya same su. Ya gangaro ƙasa ta hagu. Ya tsaya.

Ya daɗe. Ina jin ƙarar keken magani a baranda. Sannan na ga kunnensa. Daga ƙasa ya fara, jan ya hau har sama.

Hannun hagu ya taso daga kan bargo, yana lilo, ya kama wuyan hannuna. Da ƙarfi, har yanzu akwai shaida. Ya juya shi, ya kalli yatsan, ya kalli tambarin da ke kan takarda, ya sake kallon yatsan. Bakinsa ya yi ta kokawa, gefe ɗaya na aiki gefe ɗaya na kwance, yawu na zuba.

"Bu," ya ce. "Bu… bushe."

Na ce, "Na sani. Na sani, Nev. Waya ce ta yi ƙara."

Ya ture hannuna ya juya fuskarsa ga taga. Ya juya min ƙeya, kamar yadda ya yi min mako guda cur da na ari kekensa na lanƙwasa masa taya.

Na fita da gudu, takalmi ɗaya ya cire. Kafin a samo Thuy daga wani sashe, kafin ta zo, yayana ya rufe baki ruf. Ta yi masa magana, ta nuna masa fostar, ko kallonta bai yi ba.

"Ya yi magana," na ce. "Na rantse miki."

"Ban ji ba, Rae. Ba zan iya kai wa zama abin da ban ji ba."

Na ji kamar in kama ta in girgiza. Amma ba ni take kallo ba. Ta zagaya ta ɗaya gefen gadon, ya juyar da kai ya dawo, ya gan ni, ya sake juyawa taga.

"Tun yaushe yake juya kai haka?"

"Tun da ya ga abin da na yi."

"Kunnuwan fa?"

"Haushina yake ji."

Ta mayar da katunan kofi da kare cikin aljihu. Ta ce in zo da fostar gobe ƙarfe tara, kafin zama, in buɗe a gabanta ita da likita. Ta ce, "Ban yi miki alkawarin komai ba. Amma duk abin da kika yi masa ya hau haka, ki sake."

Janelle ta dawo da jiƙaƙƙen gashi, na faɗa mata a baranda. Ta zauna a kujerar roba. Ta ce, "Ni nake goge masa baki tun ranar, amma kalmarsa ta farko a kan fosta." Tana dariya hawaye na zuba. Ta shiga ta tsaya a kansa ta ce, "Neville, kai mutumin banza ne." Ya bar ta ta riƙe masa hannu. Ni ko da na yi masa sallama bai waiwayo ba.

Na ɓata masa abin da ya yi shekara talatin yana lallaɓawa, ba ya son ganina, kuma rabon da in ji daɗi irin na yau har na manta.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Ban san abin da za su yanke ba. Gado ɗaya ya rage a sashen, kuma ba mu kaɗai ke nema ba. Nev kuma na san halinsa, yana iya yin shiru a gaban likita don kawai ya ƙona min rai.

Na ba kaji abinci. Na sa rigar injiniya, da fil ɗinta. Bututun yana kujerar mota.

Na ɗauko alƙalamin azurfar ma. In ganin fostar bai ishe shi ba, zan ce masa kada ya damu, zan gyara sunan likita da hannuna, in cire murfin a gabansa in sunkuya.

Na girgiza shi tun daga gida.